Hular Tagullar da Malam Ya So Ya Kai Gida

A wannan lokacin zafin da muke ciki ne Malam Isiyaku Bawa ya cika shekara ashirin da shida da rasuwa. Ni ce matarsa. Tun da aka ɗaura mana aure har aka sa shi a ƙasa ban taɓa kama sunansa da bakina ba, Malam nake ce masa, yau ɗin ma don masu karatu su san wanda ake magana a kai ne na bari alƙalami ya faɗa. Kabarinsa yana nan Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka, cikin wata jar ƙasa mai danƙo. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa ina fasawa, domin labarinsa ba ya bayuwa sai an haɗa da labarin wata hular tagulla, ita kuwa ba na son tuna ƙarshenta.

Malam ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Zamfara. Kafin mu zo Amurka yana koyar da tarihin mutanen da can a wata jami'a ta Arewa: Misirawa, Girkawa, Rumawa. Littafi ɗaya tak sashensu yake da shi mai hotuna, shi ma an yage rabin shafukansa. Yakan dawo gida da garin alli har a gemu, ya zauna ya ce, "Rakiya, yau ma na wuni ina kwatanta wa yara abin da ni kaina ban taɓa gani ba." Abin yana cinsa ƙwarai. Ni kuwa a lokacin damuwata ita ce albashin da ya daina kai mu tsakiyar wata.

A farkon shekarun casa'in ya sami gurbin ƙaro ilimi a nan, muka taso da 'yarmu Ummi tana koyon tafiya. Muka kama hayar wani ƙaramin gidan katako a unguwar Glenwood, kusa da jami'a, gidan da in ka taka bakin ƙofa sai daɓen ɗakin girki ya amsa. Yana nan har yau, ɗalibai ne a ciki, nakan rage gudu in na zo wucewa. Tallafin karatun bai kai inda aka ce zai kai ba. Malam ya riƙa koyar da aji ɗaya nan, aji ɗaya can, sauran ranakun kuma ya hau bas ya tafi wani katafaren sito a kan titin Wendover yana lodin kwalayen takalma. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Ni ma na sami aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, shi ne ya kai ni Summerfield.

Summerfield a lokacin ƙauyen masu hali ne, arewa da gari, gidaje nesa da juna, ga fararen shingayen katako da dawakai suna kiwo. Gidan da aka tura ni na wani dattijon Bature ne, Mista Garland, wanda ya yi arzikinsa a masaƙun auduga kafin su fara rufewa. Matarsa ce take fama da shanyewar ɓarin jiki, ni nake yi mata wanka, in ba ta abinci, in juya ta. Wata rana ina neman inda ake ajiye tawul na tura wata ƙofa a ƙarshen lungu. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga. Na kunna fitila sai na ga fuskoki jere a kan kanta, koraye, ba jiki, ramukan idanunsu duhu, duk sun fuskanto ni. Na yi a'uziyya na ja ƙofar.

Da yamma muna cin tuwo na ce, "Malam, gidan nan da nake aiki fa akwai ɗakin tsafi."

Ya yi dariya. "Tsafi a Summerfield? Me kika gani?"

Na kwatanta masa: kai kamar ƙoƙo a kife, idanu masu wutsiya kamar an ja musu kwalli, wani dogon ƙarfe ya sauko kan hanci, kumatu sun zarce har ƙasan haɓa, sai siririyar tsaga a wajen baki. Ina cikin magana na ga ya tsame hannu daga kwano.

"Rakiya, ba tsafi ba ne. Kwalkwali ne, hular yaƙin Girkawa. Ita nake koyarwa shekara da shekaru." Sannan ya ce a hankali, "Ki roƙar mini shi, don Allah. Ko daga bakin ƙofa ne in leƙa."

Da farko na ƙi. Mai aiki ba ta jawo mijinta gidan aiki, kuma da wannan aikin muke rufa wa kanmu asiri. Ya bar maganar, amma kullum na dawo sai ya dube ni kamar mai jiran tsaraba. Da na gaji na faɗa wa Mista Garland, ina jiran ya ɗaure fuska. Sai ya ce ya daɗe yana neman wanda zai shiga ɗakin nan da shi, 'ya'yansa in sun zo ko kallon ƙofar ba sa yi.

Ranar Asabar Malam ya sa farin kaftaninsa na Sallah da hula zanna, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mista Garland ya ba shi safar hannu ta farin ƙyalle, ya ce gumin hannu yana cutar da tsohuwar tagulla, sannan ya ɗauko guda ya ɗora masa a tafuka. Na ga Malam ranar da aka miƙa masa Ummi a asibiti, amma ban taɓa ganin fuskarsa kamar ranar nan ba. Ya riƙa juya ta a hankali. Da ya buɗe baki ma da Hausa ya yi magana, ya manta mai gidan ba ya ji.

"Dubi nan, Rakiya. Babu haɗi ko ɗaya. Faranti guda ne na tagulla, jan ƙarfe da kuza, maƙeri ya yi ta bugu, ya mayar wuta, ya sake bugu, har ya zama kai. Ya bar kauri a goshi da hanci inda mashi yake sauka, ya rage nauyi a baya. Waɗannan ƙananan hujojin na gefe, nan ake ɗinka fata don kada ƙarfe ya ci mutum. Koren nan ma ba fenti ba ne, daɗewa ce. Ranar da aka gama ta ƙyalli take kamar zinariya."

Ya ce wannan samfurin ta Korinti ake ce mata, sunan wani birninsu, kuma ta yi kusan shekara dubu biyu da ɗari biyar a duniya.

Mista Garland yana da wata ta kwaikwayo, sabuwar ƙira, wadda yake bari baƙi su gwada. Malam ya cire zannarsa ya miƙa mini, ya zurma kansa ciki. Na ce, "Malam, ka yi kama da aljani." Bai juyo ba. Na sake faɗa. Shiru. Sai da na dafa kafaɗarsa ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, don ba ya ganin gefe. Da ya cire, yana haki yana dariya, ya ce aibin wannan ƙirar ke nan: tana tsare kai amma tana toshe kunne, soja ba ya jin umarni, ba ya jin ɗan'uwansa yana kiransa. Ya ja ni gaban wata a ɗaya kantar, wadda aka yanke mata gurbin kunne a kowane gefe.

"Kin gani? Wani ya dawo daga yaƙi ya yi ƙorafi, wani maƙeri ya saurara. Abin da nake so ɗalibaina su gani da idonsu ke nan. Mutane ne irinmu, suna kuskure suna gyarawa."

Daga nan Asabar ta zama ta Summerfield. Su biyun sukan shige ɗakin, ina jiyo muryoyinsu daga wajen Madam, matar mai gidan, wani lokaci dariya, wani lokaci gardama mai zafi. Labari ya bazu cikin 'yan'uwanmu Hausawa na gari, da ma ba mu da yawa. A wani taron suna, Alhaji Sule, dattijon da muke yi wa kallon uba a nan, ya ce a gaban jama'a, "Malam, an ce kai ne limamin gumakan Summerfield." Aka kwashe da dariya.

Malam ya ce, "Alhaji, tsoro ne ya ƙera hular nan, ba bauta ba. Mutum ne mai kai ɗaya, ga uwa ya baro a gida."

Alhaji ya ce to Allah ya kyauta. Amma a hanyarmu ta komawa Malam ya ce mini bai faɗi gaskiyar duka ba, domin wasu daga cikin hulunan an taɓa kafe su da ƙusa a ɗakunan bautar Girkawa bayan an ci yaƙi, hujin ƙusar yana nan. Washegari ya buga wa Alhaji waya ya cika masa ragowar. Haka yake. Ba ya iya zama da rabin magana.

Gardamarsa da Mista Garland ma a kan irin wannan ce. A shekarun nan labari yana ta zuwa daga gida cewa ana tono tsofaffin mutum-mutumin yumɓu a ƙasarmu, ana fita da su a ɓoye ana sayar wa masu tara kayan tarihi. Malam ya ce wa dattijon ƙiri-ƙiri da yawa daga hulunan nan a kaburbura aka ciro su, kuma mai tonon bai tsaya ya lura da abin da ke kusa da su ba, an sami hula an rasa labarin mai ita. Mista Garland ya buga sandarsa a ƙasa ya ce in ba don irinsa ba da tuni sun ruɓe a gonar wani. Ranar na ɗauka aikina ya ƙare. Asabar ta gaba sai muka iske dattijon tsaye a bakin ƙofa yana leƙen hanya.

Da Madam ta rasu, 'ya'yan suka zo daga wasu jihohi suka yanke shawarar a sayar da gidan da dawakan, a kai uban gidan tsofaffi, hulunan kuma a ba masu gwanjo. Masu gwanjon suka zo da akwatuna masu soso, suka ɗauki hoton kowace, suka yaba masu kyau. Akwai ɗaya da suka ture gefe. Ba ta da abin tare hanci, fuskarta a buɗe take kamar taga, da tudu biyu a ka inda ake ɗaura gezar doki. Ta Iliriya ake ce wa irinta, in ji Malam. A ƙeyarta akwai tsaga wadda wani maƙeri tun a wancan zamanin ya yi wa faci da guntun tagulla da ƙananan ƙusoshi. Masu gwanjo suka ce facin ya rage mata daraja. Malam kuwa ita ya fi so. Yakan ce hular talaka ce, wanda ba shi da halin sabuwa, wataƙila ma gadonta ya ci daga ubansa.

Mista Garland ya sa aka naɗe ta a tawul, ya ce wa Malam, "Tun ina saurayi na saye ta daga wani tsohon gida a Ingila, ba wanda zai tuhume ka. Ka kai wa ɗaliban nan naka da ka ishe ni da zancensu."

Malam ya yi kwanaki yana juya abin. Ya ce mini in don gaskiya ne, ƙasar da aka tono ta ce ta fi cancanta da ita, sai dai ba wanda ya san wace ƙasa ce takamaimai, kuma su can gidajen tarihinsu cike suke da irinta, yaranmu ba su da ko ɗaya. A ƙarshe ya karɓa. Mista Garland bai daɗe a gidan tsofaffi ba ya bi matarsa.

Hular ta zauna a saman kabad ɗin ɗakinmu cikin babban kwalin takalmi. Zafin Carolina mai damshi ne, damshi kuwa shi ne ajalin tsohuwar tagulla, yana sa ta fitar da wani koren gari ya yi ta cinta. Malam ya riƙa tsinto ƙananan ƙunshin nan masu shan damshi da ake sawa cikin kwalayen takalma, waɗanda ake sharewa a zubar a sito, ya cika aljihu da su ya kawo gida. Ummi takan tambaye shi da Turanci ko alewa ce. Ya tsara komai a baki: inda za a ajiye ta a sashensu na jami'ar can gida, irin akwatin gilashin da kafinta zai yi, yadda ɗalibai za su shigo kaɗan-kaɗan kowa ya sa safar hannu ya ɗaga ya ji nauyinta. Saura kaɗan, yakan ce. Ya gama rubutun digirin mu tafi.

Wata rana da rana tsaka aka kira ni daga siton. Ya ɗaga kwali ya ajiye, ya ce wa na kusa da shi bari ya ɗan zauna, ya jingina da bango. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, hawan jini ne da ya daɗe ba a kula da shi ba. Yakan yi ciwon kai ya ce mini gajiya ce. Bai cika hamsin ba. A aljihun wandon da aka miƙo mini na sami 'yan ƙunshin shan damshi da ya tsinto a ranar. Alhaji Sule ne ya yi masa wanka, yana yi yana kuka.

Bayan na fita takaba mutane suka yi ta ba ni shawara, kuma shawara ce ta ƙauna. Ki sayar, ga marainiya a gabanki. Na kasa. Na haɗa aiki biyu har na sami halin tafiya, na riƙe kwalin a cinyata tun daga nan har Kano, ban yarda an sa shi cikin kaya ba.

Shugaban sashen a lokacin Dakta Mamman ne, tsohon ɗalibin Malam. Ya sa kafinta ya yi akwatin gilashi yadda na kwatanta. Ranar da aka buɗe, ɗalibai suka yi layi har waje, har da na wasu sassan da ba ruwansu da tarihi. Na tsaya a gefe ina miƙa safa. Wata ɗaliba ta ɗaga ta ce, "Mama, ashe ba ta da nauyi sosai! Kansa ma ƙarami ne, kamar na ƙanena." Na juya baya na share ido. Na dawo Greensboro da wani sanyin zuciya wanda ban ƙara samun irinsa ba.

Bayan 'yan shekaru mahaifiyata ta kwanta ciwo na koma gida, na ce bari in biya in duba hular Malam. Na iske akwatin yana nan, gilashin gaba a fashe, an cusa tsofaffin takardun jarrabawa a ciki. Dakta Mamman ya shigar da ni ofis, ya rufe ƙofa, ya zauna yana kallon tebur.

"Mama, na rasa bakin da zan faɗa miki ne, shi ya sa ban aiko ba."

An yi dogon yajin aiki, makaranta ta zama kango wata da watanni. Ɓarayi suka fasa ginin, suka kwance fankoki, suka zare wayoyin wuta daga bango, suka cire kawunan famfo, duk abin da yake ƙarfe ne. Suka haɗa da ita.

Na ce, "To ai wanda ya ɗauka ya san darajarta. Tana hannun wani. A bincika."

Fatan da nake yi ke nan a raina: a ce ɓarawo mai ilimi ne, ya fitar da ita waje, tana kan kantar wani attajiri a ɗaki mai sanyi. Abin da Malam ya yi ta faɗa a kai, shi nake roƙon Allah ya sa ya faru. Dakta Mamman ya girgiza kai. Ya ce sun bi sawu har kasuwar 'yan gwangwan, wani mai awo ya tuna da ita, don sai da aka taka ta aka lanƙwasa kafin ta shiga buhu. Na ce ya kai ni. Muka je. Tsibin ƙarafa ko'ina, ga sikeli a rataye, ga hayaƙi. Mai awon ya yi mini magana da ladabi, ya ce, "Hajiya, tagulla ba ta kwana biyu a nan, masu zubi suna jira. Yanzu kam ta zama awarwaro ko kan famfo." Ya tambaye ni ko tukunyar gado ce. Na ce eh, don ban ga amfanin dogon bayani ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Malam zai ce da zai ɗago ya ga yau. Gonar Mista Garland an yanka ta fuloti-fuloti, gidaje iri ɗaya sun tsaya inda dawakai suke kiwo. Hulunan kuwa yanzu a waya ake cinikinsu. Ummi ta taɓa nuna mini ɗaya, an haska ta da fitila a kan baƙin ƙyalle, an yabi kyan korenta, ana ta tayi daga ƙasashe daban-daban, masu tayin ba wanda ya taɓa ɗaga ta da hannunsa. Na tabbata wannan zai ɓata masa rai. Amma ba shi zai karya shi ba.

Abin da zai karya shi a gida yake. An yi shekaru da aka cire darasin tarihi daga makarantun yara, kamar wani kaya da ya yi wa jaka nauyi. Ƙauyensu, inda yake cewa zai yi ritaya ya dasa mangwaro, 'yan bindiga sun tashe shi, danginsa sun warwatsu a garuruwa, ko kabarin iyayensa ba mai iya ziyarta. Dakta Mamman ya bar koyarwa ya koma kasuwanci kafin shi ma ya rasu. Rubutun digirin bai kammalu ba, yana cikin wasu faya-fayan kwamfuta na da, waɗanda na rasa injin da zai buɗe su.

Nakan zauna ina bin hanyoyin da ban bi ba. Da na sayar, da tana nan a duniya. Da na miƙa ta ga wani gidan tarihi a nan, da yara suna kallonta ta bayan gilashi. Na yi abin da ya ce yana so, kuma da za a mayar da ni ranar, ban san abin da zan yi dabam ba. Wannan ne ya fi cin raina, babu inda zan ɗora yatsa in ce ga kuskuren. Abu ya tsallake yaƙi, ya tsallake kabari, ya tsallake teku, ya iso hannunmu da kyakkyawar niyya, a nan ya ƙare.

To me ya rage na Malam? Ummi ta ɗauko kirkinsa da taurin kansa a kan gaskiya, amma ba ta karanta Hausa, wannan rubutun ma sai na zauna na juya mata. 'Ya'yanta a hoto suka san shi. Waɗanda suka sallace shi wasu sun rasu, wasu sun koma gida, wasu sun bi 'ya'yansu zuwa wasu jihohi. Muryarsa ma ta fara ɓace mini. Ina tuna abin da ya ce kalma-kalma, amma sautin ba ya zuwa.

Makon jiya na soya waina na kai taron addu'ar da Hausawan gari suke yi duk wata. Yanzu mun yi yawa, zauren a cike, mafi yawansu ba a haife su ba lokacin da ya rasu. Na aika aka kira mini mai jan addu'ar, wani natsattsen matashi ɗan Damagaram, na ce sadaka ce ta maigidana. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Mama, me yake yi a rayuwarsa? Don in ɗan faɗa wa jama'a."

Na buɗe baki. Abubuwa suka taso mini gaba ɗaya, na rasa ta inda zan kama. Ga mutane suna jira, ga wani yana sanarwa a fito a gyara fakin. Na ce, "Malamin makaranta ne."

Ya koma ya ɗauki lasifika ya ce a yi wa wani bawan Allah Fatiha, malamin makaranta ne da ya rasu a garin nan da daɗewa. Zauren ya yi tsit. Hannuwa suka tashi, na mutanen da ba su san fuskarsa ba, ba su san abin da ya so ba, ba kuma za su tambaya ba. Ina jin iyakar abin da ya rage ke nan, kuma ban raina ba, ko da yake ba shi ya yi wa wahala ba. Aka ce amin, aka fara buɗe kulolin abinci. Ni kuwa hannuna yana sama bayan kowa ya sauke nasa, har wadda ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Mama, an shafa."

Na ce mata na sani, ban gama ba ne.